Tafiya A Ƙasa Da Haƙƙin Zuciya A Kan Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kyautata surarsa, Ya ba shi aron jiki zuwa wani lokaci ƙayyadadde. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, kowace ranar aiki mutane su kan fito daga Tudun Wada ta Zariya da unguwannin kewayenta su tafi ganin likita. Waɗansu su nufi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, waɗansu kuwa su wuce Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma da babban aikinsa a shekarar 2005, bayan ya daɗe a nan Tudun Wada. Da yawa daga cikinsu ciwon kai ne ko jiri ya kai su, waɗansu takardar shaidar lafiya kawai suka je nema domin aiki ko aikin Hajji. A kan ɗaura musu abin awo a damtse, likita ya duba ya ce jini ya hau. Sa'an nan ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, ya kuma ce a riƙa tafiya a ƙasa kamar rabin sa'a kowace rana.

Maganin a kan saya in da hali. Gishirin ma a kan gaya wa uwargida ta rage. Amma maganar tafiyar nan, galibi a bakin ƙofar asibiti a ke barin ta, mutum ya tsai da ɗan acaba ya hau, ya manta. Shin wannan shawara ta likita tana da wani matsayi a addini, ko kuwa sha'anin duniya ne kurum, wanda ya ga dama ya ɗauka, wanda bai ga dama ba ya bari? Abin da za a duba ke nan a wannan mako.

ABIN DA AWON YA KE NUNAWA

Da farko ya kamata mai karatu ya san abin da a ke magana a kansa. Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana hutawa, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana, ba ta hutun Juma'a, ba ta hutun Salla. Aikinta shi ne tura jini cikin jijiyoyi zuwa kowane sashe na jiki. Idan jijiyoyin nan suka ƙanƙance ko suka yi tauri, sai ta ƙara ƙarfi kafin jinin ya wuce. Wannan ƙarin matsi shi a ke kira hawan jini. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan aka auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam aka sami lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to, jininsa ya hau.

Muguntar wannan cuta ita ce ba ta cika sallama ba. Mutum ya kan yi shekaru da ita yana cinikinsa, yana sallarsa, ba ya jin kome, alhali kuwa tana ta cin zuciya da ƙoda da idanu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ran da ta bayyana sai a ji an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa a ce ƙafafunsa sun kumbura, numfashi ya gagara. A rahoton da Hukumar ta fitar a 2023, ta ce cikin kowane manya uku a duniya ɗaya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Saboda haka wanda aka auna aka gaya masa, Allah Ya yi masa gata, domin kuwa an nuna masa ɓarawo tun bai fasa ɗaki ba.

JIKI AMANA NE

Asalin maganar a addini shi ne, ɗan Adam bai mallaki jikinsa ba. Ajiya ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta. Aya ta ƙarshe a Suratut Takasur ta yi gargaɗi cewa lalle za a yi tambaya game da ni'ima, malaman tafsiri kuwa sun ƙidaya lafiya cikin manyan ni'imomin da a ke nufi. A Suratul Baƙara, aya ta 195, an hana mumini ya jefa kansa cikin halaka da hannunsa. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci lafiya da samun sarari a matsayin ni'imomi biyu da yawancin mutane su ke tafka hasara a cikinsu.

Akwai kuma labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su. Saurayi ne mai son ibada, ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare dukansa. Da labari ya kai ga Ma'aiki, bai yaba masa ba. Sai ya umurce shi ya sassauta, ya tuna masa cewa jikinsa da idanunsa da iyalinsa kowanne yana bin sa haƙƙi. To, a duba fa. Idan har an hana mutum ya zalunci jikinsa saboda yawan salla da azumi, ina ga wanda ya zalunce shi saboda lalaci da son zama?

Da irin waɗannan hujjoji ne malaman usulu, kamar Imamu Gazali wanda ya rasu a 1111, da Imamu Shaɗibi Bamalike wanda ya rasu a 1388, suka bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Shanyewar ɓarin jiki ta kan taɓa dukan biyar ɗin a gida ɗaya. Maigida ya kasa tsayuwa a sahu, harshensa ya karye, yara su bar makaranta, a sayar da gona a biya asibiti. Abin da zai kare wannan kuwa, in an san shi, ba za a ce wasa ne ba.

Malaman ƙasar nan ma ba su raba ilmin addini da na jiki ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri ɗaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce a kan magunguna. Kafin su, Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, da ya zo bayanin kiyaye lafiya cikin littafinsa Alƙanun, motsa jiki ya sa a gaba, sa'an nan abinci da barci suka biyo.

TAWAKKALI BA SAKACI BA NE

Hujja ta farko da a kan kawo don guje wa shawarar likita ita ce, ai kwana in bai ƙare ba babu abin da zai faru, in kuwa ya ƙare tafiya ba ta ƙara shi. Maganar gaskiya ce, amma an aje ta inda ba wurinta ba. Lalle ajali ba ya gaba ba ya baya. Sai dai Wanda Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya ƙaddara sababi, Ya kuma umurci bayinSa su riƙe shi. Mai wannan hujja ba ya ƙin cin tuwo don ya dogara ga Allah, ba ya kuma barin shagonsa a buɗe ya tafi gida. Me ya sa sai a kan lafiya kaɗai tawakkalinsa ya ke tashi?

Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Ma'aiki ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Shariku cewa ƙauyawa sun tambaya ko su nemi magani, aka amsa musu da su nema, aka kuma sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ba shi da magani. A zamanin annobar Amwas kuwa, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin cutar, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi. Sai Umar ya buga masa misali da makiyayi mai raƙuma a kwari, gefe ɗaya ciyawa, gefe ɗaya faƙo: duk gefen da ya kora dabbobinsa, cikin ƙaddarar Allah ya ke, amma mai hankali ya san inda zai kora su. Haka nan wanda likita ya ba zaɓi tsakanin zama da tafiya. Dukansu a ƙarƙashin ƙaddara su ke, sai dai ɗaya ciyawa ne, ɗaya faƙo.

Har wa yau, ba mutuwa kaɗai a ke gudu ba. Mutum nawa ne suka yi shekaru a kwance, sai an kwantar an tayar, sai an yi musu alwala? Wannan jarrabawa ce, mai haƙuri da ita yana da lada mai girma, kuma ba a zargin mara lafiya, domin akwai wanda ya kiyaye duk abin da aka ce amma ta same shi. Amma mai lafiya ba a ce ya je ya nemo ta ba. Annabi ya hori al'ummarsa su roƙi Allah afuwa da lafiya.

YADDA MAGABATA SUKA YI TAFIYA

Wanda ya karanta siffofin Ma'aiki cikin Shama'il na Tirmizi zai ga sahabbai sun kula har da irin tafiyarsa. Sayyidina Aliyu ya siffanta shi da mai ɗaga ƙafa da ƙarfi yana ɗan karkata gaba, kamar mai gangarowa daga tudu. Ba tafiyar jan ƙafa ba ce, ba ta taƙama ba ce. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa ya kan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan dabba, tsakanin Ƙuba da masallacinsa kuwa ya ɗara kilomita 3.

Muslimu ya ruwaito daga Jabir cewa Banu Salima, waɗanda gidajensu ke nesa, sun so su taso su dawo kusa da masallaci da suka ga fili ya samu. Ma'aiki ya ce su zauna inda su ke, domin ana rubuta musu sawunsu. Ubayyu ɗan Ka'abu kuma ya ba da labarin wani mutum da babu wanda ya kai shi nisan gida, amma jam'i ba ya wuce shi. Aka ba shi shawara ya sayi jaki saboda duhu da zafin rairayi, ya ƙi, ya ce yana so a rubuta masa zuwansa da komowarsa. Annabi ya yi masa bushara cewa Allah Ya haɗa masa ladan duka biyun. Malaman Malikiyya kuma, kamar yadda ya ke a Muhtasar na Shaihu Halilu, sun sa tafiya a ƙasa zuwa Juma'a da zuwa Idi cikin mustahabbai.

Aikin Hajji kansa tafiya ne. Safa da Marwa kaɗai, sahu bakwai, sun kai wajen kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa a Mina. Kakannin mutanen Zazzau kuwa da ƙafa suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, waɗansunsu da ƙafa suka ratsa Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya don sauke farali, tafiyar shekaru. Jikokinsu ne yau su ke jiran ɗan acaba daga Agoro zuwa Ƙofar Doka.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Binciken zamani ya zo ya gaskata abin da Ibnu Sina ya faɗa. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas masu bene na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya su ke, aiki ɗaya, gari ɗaya, amma direba a zaune ya ke wuni, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Daga nan bincike ya yi ta biyo bincike. Darasin ya shafi tela da ɗan tireda da akawu da malamin zaure, duk wanda sana'arsa ta zama ce.

Dalilin kuwa a fili ya ke. Zuciya tsoka ce, tsoka kuwa da aiki ta ke ƙarfi. Mai tafiya a kai a kai, zuciyarsa ta kan tura jini mai yawa da bugu kaɗan, jijiyoyinsa su yi laushi su buɗe. Tsokokin ƙafa su kan zuƙe sukarin da ke cikin jini su ƙone shi, teɓa ta ragu, barci ya daidaita. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai ya kan sauko da lambar sama da kimanin 5 zuwa 8. Wani zai raina wannan, amma a wurin likitoci ragi ne mai tsoka, domin yana rage hatsarin shanyewar jiki.

Gwargwadon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata a 2020 ga manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, ya cika mafi ƙarancinsa. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar da za ta sa numfashi ya ƙaru, jiki ya ɗumama, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa. Hukumar ta kuma ce kaɗan ya fi babu, kuma in an rarraba tafiyar a wuni duk tana shiga lissafi. Taku 10,000 da a ke yawan ambata kuwa kada ya karya wa kowa gwiwa, domin asalinsa tallar wani abin ƙidayar taku ne a Japan a 1965. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 a kan tsofaffin mata ya nuna amfanin yana farawa tun ƙasa da rabin haka.

KUNYAR DA BA TA ADDINI BA

Hujja ta biyu ba a cika furta ta ba, amma ta fi ta farko ƙarfi. Ita ce, me mutane za su ce? Alhaji mai mota, ko malami mai almajirai, ko babban ma'aikaci, in aka gan shi yana taka ƙasa a kan titin Kongo, sai a ce ko karaya ta zo, ko an sayar da motar. Kafin ya yi taku ɗari, mutum uku sun tsaya za su rage masa hanya. Saboda gudun wannan sai ya zaɓi ya zauna da cutarsa.

Kunya tana daga cikin imani, amma kunyar da addini ya yaba ita ce wadda ta ke hana saɓo. Wadda ta ke hana mutum abin da zai amfane shi don kada a raina shi, sunanta girman kai, ko da ta sa rigar kunya. Alƙur'ani a Suratu Luƙman da Suratul Isra'i ya hana tafiyar taƙama a bayan ƙasa, a Suratul Furƙan kuma ya yabi bayin Allah da tafiyar tawali'u. Babu inda aka ce taka ƙasa ƙasƙanci ne. Wanda ya fi kowa daraja ya taka ta zuwa Ƙuba. Kuma wane mutunci ne ya rage ga wanda ya ƙi a gan shi yana tafiya da ƙafafunsa, ranar da aka gan shi an ɗauko shi ranga-ranga?

Nauyin gyaran wannan yana kan manya. Idan liman da mai unguwa da attajirin layi suka fara, cikin wata ɗaya abin ya daina zama abin kallo. Wanda ya fara kyakkyawar al'ada aka bi shi, yana da ladanta da kwatankwacin ladan masu bin sa, kamar yadda ya tabbata a hadisin Muslimu.

YADDA ZA A SOMA

Wani zai ce, ai ina zuwa masallaci sau biyar a ƙasa, ya isa. Da masallacin yana da nisan minti 5, da zuwa da komowa sau biyar sun ba shi minti 50 a rana. Amma a Tudun Wada yau kusan kowane layi da masallacinsa, wani ma a ƙofar gida. Ban da haka, akwai mas'alar da ya kamata a kiyaye. Buhari da Muslimu sun ruwaito umurnin cewa a je salla cikin natsuwa, kada a yi gaggawa ko da an tayar da iƙama. Saboda haka hanyar zuwa ta natsuwa ce. Saurin da likita ya ke so, a yi shi a komowa.

Mafi dacewar lokaci shi ne bayan sallar Asuba, in gari ya fara wayewa, kafin rana ta yi zafi, kafin hayaƙin ababan hawa ya cika titi. Mutum ya idar da salla, maimakon ya shige gida, sai ya zaga ta doguwar hanya yana azkar ɗinsa na safe. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 10, bayan mako ya ƙara 5, har ya kai 30. Ranar Juma'a ya bar mota a gida in nisan bai fi ƙarfinsa ba. Gaisuwar mara lafiya, da ta'aziyya, da rakiyar gawa, da ziyarar 'yan'uwa a cikin birni, duk ibada ce da a ke iya yi da ƙafa. Ya nemi abokin tafiya, domin abin da mutum ɗaya ya kan bari ran da ya ji kasala, mutum biyu ba su cika bari ba. Ya kuma ba hanya haƙƙinta: runtse ido, da amsa sallama, da kawar da abin cutarwa.

Akwai masu tsoron cewa haɗa niyyar lafiya da ta ibada zai ɓata lada. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar wanda ya rasu a 1285, ya warware wannan cikin littafinsa Alfuruƙ. Ya bambanta riya, watau yin ibada don mutane su gani, da haɗa ibada da wani amfani na halal, kamar mai azumi da ya ke fatan samun lafiya da shi, ko mai Hajji da ya haɗa da ciniki. Riya ita ke ɓata aiki, na biyun kuwa ba ya ɓatawa. Bilhasali ma, wanda ya fita tafiya da niyyar tsare amanar jiki don ya daɗe yana ruku'u da sujada, ya ciyar da iyalinsa, tafiyar kanta ta zama ibada.

KADA A MANTA DA MATA

Hawan jini bai san namiji ko mace ba. Zariya ma tana da tarihi a kan zuciyar mata. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, sun yi bincike a kan gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka danganta yawanta da shan kunun kanwa mai yawa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Wannan ya isa ya nuna cewa mace ma tana bukatar awo, tana kuma bukatar a saurari abin da likita ya ce mata.

Idan aka ce uwargida ta riƙa tafiya, wajibin maigida ne ya sauƙaƙa mata. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Ma'aiki ya yi tsere da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake, ya tsere mata. Mai tsakar gida mai faɗi tana iya zagaya shi da safe ko da yamma. Wadda ba ta da shi, ta fita cikin suturarta tare da mijinta ko ɗanta ko 'yan'uwanta mata, ko ta mai da zuwa Islamiyya ya zama a ƙasa. Lafiyar mace tana cikin abin da aka ba miji kiwo, za a kuma tambaye shi.

GARGAƊI

Tafiya ba ta ɗauke shan magani. Kuskure ne babba mutum ya ga awonsa ya sauko ya aje ƙwayoyinsa ba da iznin likita ba, domin galibi maganin ne ya riƙe jinin, in an bari ya kan koma ya hau. Ba ta kuma ɗauke kula da abinci. Gishirin da Hukumar Lafiya ta yarda da shi a rana bai kai giram 5 ba, watau ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen miya na kanti. Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Taba kuwa maƙiyiyar zuciya ce ƙiri-ƙiri.

Wanda aka riga aka sami ciwon zuciya tare da shi, kada ya soma sai ya tambayi likitansa gwargwadon da zai iya. Mai ciwon sukari ya sa takalmi mai rufi, ya duba ƙafarsa in ya dawo, ya riƙe dabino ko alewa saboda faɗuwar sukari. A bazara a guji tsakar rana, a sha ruwa. In hunturu ya yi ƙura a rufe hanci. A watan azumi a mai da tafiyar bayan buɗa baki. Duk wanda kuwa ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko zafi ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebe shi, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Haka nan in aka ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, kada a tsaya jira. A yi addu'a a kan hanya.

A hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru an bayyana cewa gyaruwar jiki duka da ɓacinsa suna rataye ne a kan tsoka guda, watau zuciya. Malamai sun fassara wannan da gyaran imani da niyya, shi ne kuma asalin ma'anar. Amma tsokar da imanin ya ke zaune a cikinta ita ma tana da haƙƙi, haƙƙin kuwa ba shi da tsada. Ba ya bukatar kuɗi, ba ya bukatar kati, ƙafafu biyu ne da rabin sa'a. Wanda likita ya gaya masa ya ji, hujja ta riga ta hau kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyar Musulmi sauƙi, na gida da na asibiti. Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, Ya sa su gode maSa da ita tun tana hannu. Ya sa sawun kowa ya zama shaida gare shi ranar gobe, kada ya zama shaida a kansa. Amin.